Fensir a Bayan Kunnen Kawu

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga 'yata, autar Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi, har ta fara zuwa shago tana yi mini faɗa a tsaye, wanda a wurinta shi ne alamar warkewa. Antinki na gaishe ki. Ni kuma in ban da bayana da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, babu abin da ke damuna.

Bayan haka, na samu takardarki, kuma na yi murna ƙwarai. Madalla da wannan zamani! Mun tura yarinya ta koyi haɗa magani, shekara huɗu muna cika wa maƙwabta baki, sai ga ta ta fara aiki a kantin magani ta rubuto tana neman jita mai lantarki. Wannan shi ne ci gaba. Da rana ki ba mai ciwon kai ƙwaya biyu, da yamma ki kunna lasifika ki dawo masa da ciwonsa, gobe ya sake zuwa kanti. Shekara talatin ina sayar da tsofaffin rediyo da fanka da dutsen guga, ban taɓa hango dabarar kasuwa irin wannan ba. Jinina ne a jikinki, babu tantama.

To ga jitar babanki nan na ba direban motar kaya, zai sauke miki ita a kanti. Kin san tun rasuwarsa, shekara goma sha ɗaya ke nan, mamanki ta ce ba ta iya ganinta a ɗaki, na ɗora ta a kantar sama bayan kwalayen fanka.

Amma kada ki ɗauka da ƙurarta na aiko. Kaya ba ya fita daga hannuna sai ya yi kyan gani. Kwana biyu na yi a kanta. Na goge jikinta har ina ganin furfurata a ciki. Na sa mata sababbin tsirkiyoyi shida, na naɗe duk tsawonsu a kan 'yan sandunan da ake ɗaura su, ban yanke ko rabin ɗan yatsa ba, ni ba na ɓarna. Kunnuwan nan shida da ke kanta, waɗanda ake murɗawa a saita murya, na tarar sun yi tauri kamar kan famfon makaranta. Kowanne yana da 'yar ƙusa mai murɗi a ƙeyarsa. Na sassauta su, na ɗiga musu man keken ɗinki. Yanzu ko da numfashi za ki iya juya su. Mai saye in ya murɗa abu ya ji laushi, to ya riga ya saya, sauran magana ce kawai.

Sai wannan ɗan farin ƙashi da ke can saman wuya, mai tsaga shida, inda tsirkiyoyi ke ratsawa kafin su kai ga kunnuwa. Baƙi ƙirin na same shi! Babanki mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma shi da tsafta gaisuwa ce daga nesa. Na bi kowace tsaga da burushin haƙori da sabulu. Yanzu fari tas, kamar haƙorin mai tallan man goge baki.

A cikin akwatin ban tarar da komai ba sai wani guntun fensir mai jan tef a gindi, an fiƙe shi da faɗi kamar bakin sukurudireba. Mamanki ta ce na rubuta waƙoƙinsa ne, ko da yake har yau babu wanda ya taɓa ganin littafin. Na riƙe shi, ladan aikina ke nan. Ya zauna daidai a bayan kunnena, da shi ma nake rubuto miki wannan.

Ki ci abinci, ki rage ƙara.

Kawunki


Laraba, 11 ga wata

Kawu na kaina,

Ina gaishe ka da Anti. A gaishe mini da Mama, a ce ta rage tsayuwa. Ni lafiya ƙalau, sai dai aiki, mai kanti ya yi tafiya ya bar mini makulli. Takardarka sai da na kai ta bakin taga kafin na iya karantawa. Fensirin nan naka kowane harafi kamar an ja shi da gawayi.

Jita ta iso lafiya. Da na buɗe akwatin, ƙamshin katako da tsohon ƙyalle ya buge ni, sai ga Baba zaune a bakin ƙofa ranar hutu yana kaɗa ta ba tare da ya jona wuta ba, don kada ya tashi Mama daga barcin rana. Na mayar na rufe, na ɗan jima a zaune. Na gode, Kawu.

Ga dalilin da ban faɗa maka dalla-dalla ba. Akwai wata ƙungiyar makaɗa kusa da mu, mutum biyar, suna wasa a bukukuwa da gidan rediyo. Shugabarsu mace ce mai kaɗa fiyano, ba ta dariya sai an tashi aiki. Mai jitarsu ya bar gari da jitarsa. Za a yi gwaji ranar Asabar 26 ga watan gobe, mu uku ne, kuma kowa da kayansa zai zo. Shekara uku ina koyo da jitar katako ta aro a ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan ce ƙofa ta farko da ta buɗe mini, kuma da jitar Baba nake so in shiga.

To amma akwai matsala. A kantinmu muna da ma'aunin garin magani da muke rufewa da gilashi, saboda ko atishawa aka yi a ɗaki na gaba sai allurarsa ta motsa. Kawu, kunnuwan jitar nan sun fi shi jin abu. Hannun rigata ya shafi ɗaya, murya ta tafi. Na jingina ta da bango in sha ruwa, na dawo na tarar da wata jita dabam.

Matsala ta biyu ta fi ban haushi. In tsirkiya ta yi ƙasa, sai in murɗa kunne a hankali, shiru. In ƙara, shiru, kamar ina roƙon mai gadi ya buɗe ƙofa. Can sai in ji "ƙis!" daga saman wuya, murya ta yi tsalle ta wuce inda nake so. In dawo baya, shiru, shiru, "ƙis!" ta faɗo ƙasa. Tsirkiya ta uku daga ƙasa ta fi kowacce taurin kai. Jiya maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta tambaye ni ko kyanwa ce ta maƙale a silin.

Ka tuna ko Baba ya taɓa kuka da wannan? Me yake yi mata? Ka tambayi Mama in ka ga fuska.

'Yarka


Juma'a, 20 ga wata

Zuwa ga autar Yaya,

Muna lafiya. Mamanki ta ce ita ba ta san komai a kan jita ba sai cewa ta auri mai ita. Antinki ta yi mura ta warke, ta bar mini.

Na karanta ƙorafinki sau biyu. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aka dawo mini da kuka cewa kaya ya cika laushi. Mutane suna zuwa da fanka mai ƙara, da rediyo mai tari, amma "Kawu, abin ya yi daɗin murɗawa da yawa", wannan sai 'yan boko.

Duk da haka ga abin da na sani. Tsohuwar rediyo in kina neman tasha kika wuce ta, ba a komawa kanta kai tsaye. Haƙoran ƙarfen da ke ciki suna da 'yar rata, in kika juya baya sai sun yi tafiyar banza kafin su kama. Sai ki koma can ƙasa da tashar, ki taho mata a hankali daga gefe ɗaya, kullum daga gefe ɗaya. Ina jin kunnen jita ma ɗan'uwan rediyo ne. In murya ta wuce, ki sauke ta ƙasa sosai, sannan ki hau da ita. Wannan shawara kyauta ce, kada ki saba.

Batun "ƙis" kuwa, ban ga laifin aikina ba. Jita ta shekara goma sha ɗaya tana barci, kin tashe ta, dole ta yi miƙa. Kuma ki tuna kayan waye. Babanki ma haka yake, a taɓa shi kaɗan ya tashi sama, a sake taɓa shi ya faɗo. Mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba, ta ina jitarsa za ta zauna? Gado ne, ki yi haƙuri da shi.

Ki rubuto in ji yadda aka ƙare da kyanwar silin.

Kawunki


Laraba, 2 ga wata

Kawu,

Lafiya lau. A gaida Mama da Anti.

Na ɗauko takardarka ta farko na bi ta layi-layi, duk abin da ka ce ka yi na warware shi. Na goge man keken ɗinki. Na ɗaure ƙusoshin nan shida har kunnuwa suka ɗan yi tauri. Na kwance tulin tsirkiyar da ka naɗa, na bar zagaye uku-uku, na yanke saura. Yanzu hannun riga ba ya motsa komai. Shawarar rediyo ma ta yi aiki. Farin ƙashin na ƙara goge shi da sifirit don kada a ce akwai datti.

"Ƙis" yana nan, ya ma ƙaru. Ba zan iya tsayawa gaban Shugaba ina kokawa da tsirkiya ba.

Akwai mai shagon kayan kiɗa a bayan tasha. Ya duba ta, ya ce ƙila wuyan ne ya tsufa. Ya ce in bar masa ita ya ba ni sabuwa fil, ba ciko. Ya ba ni zuwa Alhamis 24. Ina tunani. Tunda kayan mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba ne, ba sai an wahalar da kai ba.

Ni ban san shi haka ba. Ni na san shi zaune a bakin ƙofa.

'Yar Yayarka


Talata, 8 ga wata

'Yata,

Lafiyar jiki muna da ita. Sauran kuma takardarki ta tafi da shi. Tun da aka haife ki ban taɓa ganin kin sa hannu da "'yar Yayarka" ba.

Da farko, kada ki ba mutumin nan jitar. Ki saurare ni a nan, wannan fagena ne. Duk ɗan kasuwar da zai ba ki sabo ya karɓi tsoho ba tare da ya nemi ciko ba, ba tausayinki ya ji ba, tsohon ya gani. Ni ma na yi wa mutane haka, shi ya sa na sani. Ki lura da hannunsa. In yana kushe kaya da baki, hannu kuma yana shafa shi, to bakin ne ke ƙarya.

Na biyu, maganar da na rubuta. Na nemo abin da nake nufi, na ga ba shi ne ya sauka a takarda ba. A kasuwa in na faɗi magana ina ganin fuskar mutum, in ta canza sai in gyara kafin ya tashi. Takarda ba ta da fuska. Abin da nake nufi shi ne babanki mutum ne da komai ke taɓawa. Ranar da aka haife ki, a barandar asibiti, ya yi dariya, ya yi kuka, ya rungume mai shara, ya fita sayo miki takalmi, jaririyar da ba ta yi awa ɗaya a duniya ba. Ni na riƙe masa riga don kada mota ta kaɗe shi. Na yi ta tsokanarsa da wannan yana raye, shi kuma yana kirana mai sayar da gawar rediyo. Na manta cewa yanzu babu wanda zai rama masa.

Bari in faɗa miki abin da ko mamanki ba ta sani ba. Sau huɗu ana taya jitar nan a shagona. Akwai wanda ya yi sati yana sintiri. Ni da na sayar da agogon bangon ɗakina ina tsakiyar duba lokaci, ni da na sayar da kujerar da Antinki ke zaune a kai, na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Ya tambaye ni dalili, na ce ta lalace. Ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa yi don in hana kaina ciniki.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Kawunki


Asabar, 19 ga wata

'Yata, autar Yaya,

Kowa lafiya. Kwana goma sha ɗaya babu amsa. Kullum in na hango direban motar kaya sai in yi kamar ina gyara kwalaye a bakin ƙofa, shi kuma ya girgiza mini kai tun daga nesa.

Yau na haɗiye girman kai na tsallaka gari zuwa wurin Dogo mai aski. Ba lalle ki tuna shi ba, shi ne mai ganga a ƙungiyar babanki. Shekara shida ina kauce wa layinsa saboda wata fanka da na sayar masa, wadda ta rasu kafin ya kai ta gida. Na shiga na ce aski na zo yi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Zauna, mai gawar rediyo. Yau ga wuyanka ga aska."

Ya ɗaura mini ƙyalle, ya aske gefe ɗaya, ya miƙa hannu zai cire fensirin da ke bayan ɗaya kunnena, sai ya tsaya cak.

"Wannan a ina ka samo shi?"

Na ce, "Fensir ne, Dogo, ba zinariya ba."

"Na san fensir ne. Ni na naɗa masa jan tef ɗin nan, saboda kullum sai ya ɓace a bayan fage, mu kuma ba a fara wasa sai an gan shi."

Na ce ai mun sani, na rubuta waƙoƙi ne.

Ya ce, "Waƙoƙin wa? Mutumin da ko sunansa ke yi masa nauyin rubutawa? Waƙoƙinsa a kansa suke. Wannan na jita ne. Kafin kowane wasa sai ya sassauta tsirkiya, ya ɗaga ta, ya goga bakin fensir a cikin tsagar ƙashin nan har ta yi baƙi. Shi ya sa yake fiƙe shi da faɗi, don ya shiga tsagar. Baƙin fensir santsi gare shi. In babu shi tsirkiya maƙalewa take yi, kana murɗa kunne tana tara ƙarfi, sai ta ƙwace gaba ɗaya ta ce ƙis."

Ya kalle ni ta madubi.

"Kar dai ka ce mini ka goge."

Na ce, "Da burushi."

"Da burushi!"

Na ce, "Da sabulu."

'Yata, mutumin nan ya ajiye almakashi, ya fita bakin titi ya riƙe ciki. Ya kira tela, ya kira mai faci, ya ba su labari, ni ina zaune da rabin kai a aske da ƙyalle a wuya. Ya ce yanzu ya yafe fanka.

Ashe baƙin da na kwana biyu ina yaƙi da shi, hannun babanki ne. Shekara ashirin yana shimfiɗa shi, na zo na wanke a yini ɗaya, kuma na tsare maganin a bayan kunnena ina rubuto miki shawara da shi.

Ga shi nan cikin ambulan, na naɗe shi a takarda. Ya rage tsawo, wasiƙu huɗu ya ci. Dogo ya ce ɗaya bayan ɗaya za ki yi: ki sassauta tsirkiya, ki ɗaga ta gefe, ki cika tsagar da baƙi, ki mayar, ki hau da murya daga ƙasa. Kada ki taɓa kunnuwan, yadda kika ɗaure su daidai ne. Ya ce in har yanzu ta uku tana gardama, tsagarta ce ta yi mata kaɗan, a kai wa mai gyara ya buɗa ta da gashin ido ɗaya, amma ba ni ba.

Na roƙi direba ya kai miki hannu da hannu. Ya ce sai motar ta cika zai tashi. Ban sani ba ko wannan za ta riga Alhamis. In ta tarar jitar ta tafi, ki ajiye fensirin duk da haka, naki ne.

Kawunki, mai rabin aski


Lahadi, 27 ga wata

Kawu na kaina,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti da Mama da Baba Dogo. Ni lafiya, sai dai yatsuna da suka yi tsami.

Takardarka ta ranar 8 ta zo da wuri. Na karanta ta a bayan kanta, mai kanti ya tambaye ni ko albasa ake yankawa a ɗakin magani. Sau uku na fara amsa ina yagewa. Fushi ya tafi, kunya ta zauna a wurinsa, kuma "ƙis" yana nan.

Ranar Alhamis babu direba, babu takarda. Da aka tashi cin abincin rana na ɗauki akwatin na tafi bayan tasha. Na ɗora ta a kan teburin mutumin. Ya ce wuya ya tsufa, ya ce fenti ya dushe, ya ce don ni ce kawai. Sai na tuna na dubi hannunsa. Kawu, shafa ta yake kamar kan jariri. Har ya fara tura ta ƙarƙashin tebur tun kafin ya ɗauko sabuwar. Na ce masa na manta wani abu a cikin akwatin. Ya ce me? Na ce jitar. Na rufe na fito. Ban san abin da zan yi ranar Asabar ba, na dai san da wa zan je.

Direbanka ya iso Juma'a da la'asar, yana ta faɗa wai ka hana shi sakat. Na buɗe ambulan, fensir ya faɗo a kan kanta. Na yi dariya har wata tsohuwa mai jiran maganin tari ta taya ni ba tare da ta san dalili ba. Kada ka ɗauki laifin kai kaɗai. Kai sabulu ka sa, ni sifirit na bi da shi. Mu biyu muka taru muka wanke Baba tas.

Na yi yadda Baba Dogo ya ce. Ƙashin ya koma baƙi, muni kamar da. Na murɗa kunnen ta uku, murya ta taso a hankali kamar ruwa na cika kofi, ta tsaya inda na tsaya. Na saurari "ƙis", bai zo ba. Na ja tsirkiyar da ƙarfi na sake, tana nan.

Gwajin a wani ɗakin ajiya aka yi, mai kujerun roba da fanka ɗaya. Ni ce ta ƙarshe. Na farkon ya fi ni sauri, ba zan ɓoye ba. Kafin in fara na zaro fensir na ƙara wa ta uku kaɗan, Shugaba ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce babana, ta hannun mai aski, ta hannun mai sayar da fanka. Ba ta yi dariya ba. A waƙa ta biyu yatsana ya zame, na yi kuskure ɗaya mai kyau wanda kowa ya ji. Kuskurena ne, ba na jita ba, kuma ban tsaya ba. Waƙa huɗu a jere ban taɓa kunne ko sau ɗaya ba.

Da aka gama ta ce mai saurin yana kaɗa wa kansa ne, ni kuma ina jin sauran. Ta ɗauke ni na wata uku a gani. Wasan farko bikin yaye ɗalibai ne, sati uku masu zuwa. Ina so ka zo da Mama, in ƙafarta da zuciyarta sun yarda. Ka zo da Baba Dogo.

Af, mai gangarmu ya ce da ma ba sai ka wahalar da direba ba, kowane fensir mai laushi yana yi. Akwai guda goma a aljihun teburin kanti.

'Yarka


Juma'a, 1 ga wata

Zuwa ga 'yata mai jita,

Muna lafiya. Na karanta wa mamanki takardarki a shago. Ta tashi ta shiga bayan kwalaye ta daɗe, ta fito ta tambaye ni wace mota ce ba ta girgiza ƙafa. Za mu zo mu uku. Dogo ya ƙarasa mini askin, ya ce zai zo da sandunansa ko da mai gangarku zai yi mura.

Na riga na sanar da maƙwabta cewa ni na gyara jitar. Ba ƙarya ba ce, ban dai faɗi daga wane gefe na fara ba. Jiya wani ya kawo tsohuwar rediyo mai baƙin maiƙo a ciki, na ɗauko burushi, sai na tsaya na tambaye shi ko baƙin yana da aiki. Ya dube ni kamar na zautu.

Ki yi haƙuri da rubutun, biron tela na ara, yana zubar da tawada, kuma ba ya zama a bayan kunne.

Na girgiza ambulan ɗinki sau biyu, na leƙa ciki, na zazzage. Kin ce kowane fensir yana yi, kin ce akwai goma a aljihun tebur. To me ya hana ki dawo mini da nawa?

Kawunki